Ƙabar matsematsi a jikin 'yan mata: tambayoyi da amsoshi kan tiyata idan gidan ƙwai ko mahaifa sun shiga ciki

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye mata, 'yan mata da magidanta ke yawan yi a asibitocin Gombe da kewaye idan aka shaida musu cewa kumburin da ke matsematsin 'yarsu ko matarsu ƙaba ce, musamman idan hoto ya nuna cewa abin da ya sauko cikinta gidan ƙwai ne, ko bututunsa, ko wani sashe na mahaifa. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Ƙaba cuta ce da sai likita ya duba da ido ya taɓa da hannu, don haka bayanin nan shiri ne na zuwa asibiti, ba madadinsa ba.

1. Mece ce ƙabar matsematsi, kuma da gaske mace ma tana yin ta?

Ƙaba ita ce fitowar wani abu na cikin ciki, kamar hanji ko kitsen da ke lulluɓe shi, ta wata kafa ko wani wuri mai rauni a bangon ciki, har ya taru ƙarƙashin fata. Idan kafar tana inda mara ta haɗu da cinya, ita ce ƙabar matsematsi. A jikin namiji takan gangara cikin maraina ta zama gwaiwa, kowa ya gani, shi ya sa jama'a suka ɗauka ciwon maza ne kaɗai. Ƙididdigar da likitoci suka fi dogara da ita ta nuna cewa kimanin maza 27 cikin 100 da mata 3 cikin 100 ne za su buƙaci tiyatar gyaran wannan ƙaba a tsawon rayuwarsu, kuma a duniya ana yin sa fiye da sau miliyan 20 a kowace shekara.

Iri biyu ne a wannan wuri. Akwai wadda ke fitowa ta saman layin matsematsi, ita ce ta fi yawa ko a tsakanin mata, kuma ita ce ke ɗauko gidan ƙwai. Akwai kuma wadda ke fitowa ta ƙasan layin, gefen manyan jijiyoyin jinin da ke sauka cinya; wannan ta fi kama mata fiye da maza, bakinta matsattse ne, kuma ta fi saurin shaƙe hanji.

2. Ta yaya gidan ƙwai zai baro wurinsa ya sauko matsematsi?

Tun jaririya tana cikin mahaifiyarta, akwai wata igiya ta nama da ke tasowa daga kowane gefe na mahaifarta, ta ratsa bangon ciki ta wata 'yar hanya a matsematsi, ta ƙare a leɓen al'aura na waje. Yayin da igiyar ke ratsawa, wani ɓangare na tantanin da ya shimfiɗe cikin ciki yakan bi ta, ya zama siririyar jaka wadda bakinta ke buɗe ta cikin ciki. Wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Holan mai suna Anton Nuck ne ya bayyana wannan jaka a 1691, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiran ta. A yadda aka saba, takan toshe da kanta kafin haihuwa ko cikin shekarar farko.

Idan ba ta toshe ba, duk abin da ke kusa da bakinta yana iya zurmawa. Ƙugun jaririya ƙarami ne, gidan ƙwanta kuma yana zaune sama, dab da bakin jakar, don haka shi ne ke fara shiga, bututun ƙwai ya biyo shi, a wasu lokuta ƙalilan har da gefen mahaifa. Wani lokaci ma bututun ba kwance yake cikin jakar ba, manne yake ya zama ɓangare na bangonta, kuma wannan ne ke sa aikin ya buƙaci natsuwa ta musamman (duba tambaya ta 8). Babu laifin uwa a nan: salon goyo, ko wankan jariri, ko abin da ta ci da ciki, babu wanda ke buɗe wannan jaka. Ɗaukar tulu ko daka ko tari mai tsanani suna iya tono ƙabar da ke ɓoye, amma kafar tun haihuwa take.

3. Su wa abin ya fi samu?

Jarirai mata da ƙananan yara ne a gaba, musamman bakwaini. A cikin jarirai mata masu ƙabar matsematsi, kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 ana samun gidan ƙwai ko bututunsa a cikin jakar. Yawan yana raguwa sosai da girma, domin gidan ƙwai yakan sauka can cikin ƙugu ya yi nisa da kafar. Saboda haka idan aka same shi a matsematsin budurwa ko matashiyar matar aure, likita mai lura zai tambayi kansa dalili, ya binciki halittar mahaifarta da ƙodarta, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 13.

4. Yaya za a gane ta a gida?

Yawanci uwa ce ke fara gani, a wurin wanka ko sauya ƙunzugu: ɗan ƙulli mai girman gujiya a gefe ɗaya na saman al'aurar yarinya, yana ƙara fitowa idan tana kuka ko yunƙurin bayan gida. Idan hanji ne a ciki, kumburin yana da laushi, yakan koma idan ta kwanta, wani lokaci har a ji ƙararsa yana komawa. Idan gidan ƙwai ne, ƙullin yana da ɗan tauri da santsi, yana zamewa ƙarƙashin yatsa, kuma sau da yawa ba ya komawa ko da ta yi barci, alhali ba ya yi mata ciwo. Wannan rashin ciwon ne ke yaudarar iyaye su yi watanni suna kallo.

Budurwa kuwa takan ji nauyi ko ja a matsematsi idan ta daɗe tsaye ko ta ɗauki kaya, kumburin ya ƙaru da yamma ya ragu da safe. Wasu sukan lura cewa ciwon yana tashi a tsakanin al'ada da al'ada ko lokacin al'ada. Matsalar da ta fi kowace a wannan shekaru ita ce kunya: yarinyar da ta fara girma ba ta bari ko mahaifiyarta ta ga wurin, kuma tana tsoron a zarge ta da abin da ba ta yi ba. Ya kamata iyaye su sani cewa ƙaba ba ta da wata alaƙa da cutar sanyi ko da tarbiyya.

5. Ba kaluluwa ba ce ko maruru? Me zai hana a kai ta wurin wanzami?

Kaluluwa takan biyo bayan gyambo ko rauni a ƙafa, tana da zafi, kuma takan sace idan ciwon ƙafar ya warke. Maruru yana da ja da zogi, yana nuna cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wasu abubuwan da ke kama da ƙaba: ruwa yana iya taruwa a cikin jakar nan ta Nuck ba tare da komai ya shiga ba, kuma ga mai al'ada, tsiron naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa yana iya zama a wurin, ya riƙa kumbura da ciwo duk wata. Ko likita ba koyaushe yake iya bambance waɗannan da hannu kaɗai ba.

Saboda haka kada a yarda a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan kowane kumburi na matsematsi. Askar da aka nufi fitar da mugunya da ita tana iya huda hanji ko ta yanka gidan ƙwai, kuma ɓarnar da za ta yi cikin daƙiƙa ɗaya ta fi ta cutar da aka zo magancewa.

6. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti nan take?

Kumburin da ya yi tauri farat ɗaya, ya kama ciwo mai tsanani, fatar kansa ta yi ja ko duhu, amai, kumburin ciki tare da rashin fitar tusa ko bayan gida, zazzaɓi, ga jaririya kuma kukan da ba ta lallasuwa da ƙin kama nono. Ɗayan abu biyu ne ke faruwa. Ko dai bakin kafar ya shaƙe hanji, wanda ke iya fara mutuwa cikin kimanin sa'o'i 6, ko kuma gidan ƙwan ya murɗe a kan jijiyoyin da ke kai masa jini. Gidan ƙwan da ke rataye cikin jakar ƙaba ya fi wanda ke wurinsa sauƙin murɗewa nesa ba kusa ba.

Idan haka ta faru da dare a Dukku ko Nafada ko wani ƙauyen Balanga, a nemi mota a nufi babban asibiti mafi kusa, kada a jira gari ya waye, kada kuma a jira maigida ya dawo daga tafiya; a sanar da shi ta waya ana kan hanya. Kada a ba ta abinci ko kunu, domin wataƙila za a shiga da ita tiyata da isarta. Kada kuma a danna kumburin da ƙarfi don a mayar da shi.

7. Babu magani sai tiyata? Wane bincike ake yi kafin nan?

Babu ƙwaya, allura, jiƙo ko ɗamara da ke toshe kafar ƙaba. Maganin da ya kwantar da ciwo bai rufe ramin ba. Ƙabar cibiya ta jarirai ce ke iya rufewa da kanta, ta matsematsi ba ta yi. Ga namiji babba da ƙabarsa ba ta damunsa, likitoci sukan yarda a ɗan saurara ana lura. Ga mace ba a son wannan jinkiri, saboda yiwuwar cewa ƙabar ta ƙasan layi ce da aka ambata a tambaya ta 1, kuma idan an san gidan ƙwai ne a ciki bai komawa, ana sa ranar aiki cikin ɗan lokaci ko da babu ciwo.

Binciken farko shi ne sikanin na wurin kumburin da na mara, ta saman fata, babu ciwo. Yana nuna abin da ke cikin jakar, yana nuna ko jini yana isa gidan ƙwai, yana kuma tabbatar da cewa mahaifa da ɗayan gidan ƙwan suna wurinsu. Sai gwajin yawan jini, rukuninsa, da gwajin sikila idan ba a taɓa yi ba. Duk macen da ta fara al'ada ana yi mata gwajin juna biyu kafin a ba ta maganin barci. Ƙa'ida ce ta kowa da kowa, bai kamata iyaye su ɗauke ta a matsayin zargi ba.

8. Yaya ake yin aikin?

Ƙaramar yarinya ana sa ta barci gaba ɗaya. Babba kuwa yawanci allurar baya ake yi mata, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa tana farke, kodayake ana iya sa ta barci idan hali ya buƙata. Likita yana yin tsaga a kan layin da fatar mara ke naɗewa, 'yar gajeruwa ga yarinya, mai tsawon 'yan santimita ga babba, ya nemo jakar ya ware ta daga naman da ke kewaye.

A nan ne aikin mace ya bambanta da na namiji. Ba a ɗaure jakar ƙabar mace sai an buɗe ta an leƙa, domin bututun ƙwai siriri ne, kuma idan yana manne da bangon jakar, zaren da aka ɗaure jakar da shi zai iya ɗaure shi tare. Idan gidan ƙwan yana kwance ne kawai, sai a duba lafiyarsa, a warware shi idan ya murɗe, a mayar da shi ciki a hankali tare da bututunsa. Idan manne yake, sai a ɗinke jakar daga ƙasan inda ya manne, a yanke ragowar, a tura abin da ya saura cikin ciki, sannan a rufe kafar. Idan mahaifa ta shigo, wani lokaci sai an ɗan faɗaɗa bakin kafar kafin ta koma ba tare da an ja ta ba. Yana da kyau likitan mata ya kasance kusa a irin wannan aiki.

Ga yarinya, ɗaure jakar daga tushe da rufe kafar sun wadatar. Ga babba, sai an ƙarfafa bangon wurin, ko da ɗinkin naman jikinta, hanyar da ta samo asali daga likitan Italiya Edoardo Bassini a shekarun 1880, ko kuma da raga. Aikin da aka shirya masa yawanci bai wuce sa'a ɗaya ko ɗaya da 'yan mintoci ba.

9. Mece ce wannan ragar, kuma ba za ta cutar da mai shirin haihuwa ba?

Saƙa ce ta zaren roba na musamman da ake shimfiɗawa a kan wurin da ke da rauni, naman jiki ya tsiro ta cikin idanunta ya riƙe ta. Hanyar shimfiɗa ta ba tare da jan nama ba ta yaɗu ne daga asibitin likita Irving Lichtenstein na Amurka a shekarun 1980, kuma ta rage dawowar ƙaba ƙwarai ga manya. Ba a sa wa yara raga, ana kuma guje mata idan hanji ya ruɓe wurin ya gurɓata. A bangon ciki take zama, ba ta shiga mahaifa, ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta hana haihuwa da kai. Ga budurwar da kafarta ƙarama ce kuma namanta yana da ƙarfi, likitoci da yawa sukan zaɓi ɗinki kawai, kuma zaɓi ne mai hujja. Ya dace mara lafiya ta tambayi wanda za a yi mata da dalilinsa tun kafin ranar aiki.

10. An ce akwai tiyatar kyamara. Ta fi?

A wannan hanya ana huda ƙananan kafofi, yawanci uku, a zura kyamara da kayan aiki, a gyara ƙabar daga ciki. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na gyaran ƙabar matsematsi da aka fitar a 2018 sun fifita ta ga mata inda akwai ƙwararre, saboda tana nuna dukkan kafofin wurin, har da ta ƙasan layi wadda ake iya tsallakewa a aikin tsaga. Ga wadda gidan ƙwanta ya shiga ƙaba akwai ƙarin amfani: ana ganin mahaifa, bututu biyu da ɗaya gefen a lokaci guda. Sai dai tana buƙatar cikakken barci, ta fi tsada, kuma ba kowane asibiti ke da kayanta ba. Aikin tsaga a hannun likitan da ya saba da shi, aka yi shi kan lokaci, ya fi jiran watanni ana neman kyamara.

11. Za a cire gidan ƙwan ne?

A aikin da aka shirya masa kafin matsala ta auku, kusan koyaushe mayar da shi ake yi lafiya. Ko a aikin gaggawa ma, ra'ayin likitoci ya sauya daga yadda yake a da. Gidan ƙwan da ya murɗe yakan kumbura ya yi baƙi-baƙi kamar ya mutu, amma an gano cewa da yawa suna farfaɗowa bayan an warware su, don haka ga yarinya ko matashiya ana ƙoƙarin barin sa. Ana cirewa ne idan ya ruɓe sarai yana wargajewa, ko kuma an ga ƙari mai ban tsoro a jikinsa. Abin da ke raba wadda aka ceto nata da wadda aka cire wa, a mafi yawan lokuta, shi ne tsawon sa'o'in da aka yi a gida bayan alamun tambaya ta 6 sun bayyana.

12. Za ta haihu nan gaba? Budurcinta fa?

Idan an mayar da gidan ƙwai da bututunsa lafiya, al'adarta da haihuwarta suna nan kamar na kowace mace. Idan ma an cire na gefe ɗaya, ɗayan yana ci gaba da fitar da ƙwai da sinadaran da ke kawo balaga da al'ada, kuma mata masu gidan ƙwai ɗaya suna ɗaukar ciki su haihu. Igiyar mahaifar da aka ambata a tambaya ta 2 wani lokaci ana yanke ta yayin aikin. Ba a san wannan da hana haihuwa ba. Abin da ake so shi ne a nemi takardar bayanin aikin a adana ta, domin yarinyar da aka yi wa tiyata tana da wata shida za ta buƙaci sanin abin da aka gani a cikinta idan ta kai shekara ashirin.

Game da budurci, tsagar a matsematsi take, aikin ba ya bi ta farji. Idan an sa robar fitsari, ta mafitsara take bi, hanya ce dabam. Tabon yakan kwanta cikin layin fata ya dushe. Babu dalilin ɗage aikin har sai bayan biki. Akasin haka ma, gara a gama da shi kafin ciki ya shiga.

13. 'Yata ta kai shekara 16 ba ta fara al'ada ba, ga kuma ƙaba. Akwai alaƙa?

Tana iya kasancewa, kuma wannan haɗuwar tana buƙatar likitan mata kafin a taɓa komai. Duk yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba ya kamata a bincike ta, ko da ƙaba ko babu. Yanayi biyu ne likita zai fi tunani a kansu. Na farko, ana haihuwar wasu mata, kimanin ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,000, mahaifarsu ba ta ginu ba ko ta tsaya 'yar ƙarama, alhali gidajen ƙwansu lafiya lau suke, ƙirjinsu ya fito, komai na mace ya bayyana. Irin waɗannan gidan ƙwansu ko guntuwar mahaifar sun fi saurin saukowa cikin ƙaba. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu suna da bambanci a halittar ƙoda, kamar ƙoda ɗaya tak ko wadda ta zauna a ƙugu, shi ya sa ake haɗawa da hoton ƙoda.

Na biyu ya fi wuya a samu, kuma ya fi nauyin faɗa. Akwai yarinyar da jikinta ba ya amsa sinadarin namiji ko kaɗan, don haka aka haife ta mace a siffa, ta tashi mace, amma ba ta da mahaifa, kuma ƙullin da ke matsematsinta ƙwan irin na namiji ne da bai sauka ba. An fi zargin haka idan ƙabar ta fito gefe biyu, kuma kimanin ɗaya zuwa biyu cikin 100 ne na yara mata masu ƙaba. Gwajin jini na ƙwayoyin halitta ne ke tabbatarwa. A yau likitoci da yawa ba sa gaggawar cire ƙwan a ƙuruciya, domin shi ne ke samar da sinadarin da jiki ke juyawa ya kawo mata balaga, kuma haɗarin ya zama daji kaɗan ne kafin balaga. Ana gyara ƙabar, a bar shawarar cirewa har ta girma a yi da ita, idan an cire kuma a ɗora ta kan maganin sinadari.

A duka biyun, ɗaukar ciki ta hanyar da aka saba ba ya yiwuwa, amma zaman aure yana yiwuwa, wani lokaci da taimakon likita. Bayani ne da ya kamata ya tsaya tsakanin yarinyar, iyayenta da likitanta, a faɗa mata gaskiya daidai da shekarunta, kada ta ji shi a bakin dangi. Ya kamata kuma a tuna cewa mafi yawan 'yan mata masu ƙaba ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

14. Idan mai juna biyu ce fa?

Kumburin matsematsi da ya fara bayyana a tsakiyar goyon ciki sau da yawa ba ƙaba ba ne. Jijiyoyin jinin da ke bin igiyar mahaifa ne suka kumbura, kuma sukan sace bayan haihuwa. Sikanin yana bambancewa, ya hana tiyatar da ba a buƙata. Idan ƙaba ce ta gaske kuma tana komawa, yawanci ana lura da ita har a haihu, a gyara bayan an gama jego. Ita kaɗai ba dalilin yin tiyatar haihuwa ba ce. Idan ciwo ya matsa, watanni na huɗu zuwa na shida sun fi dacewa da aiki. Idan kuwa ta shaƙe ko gidan ƙwai ya murɗe, ana shiga tiyata ko wata nawa ne cikin, domin jinkirin ya fi aikin haɗari ga uwa da ɗan cikin.

15. Ina za a je a Gombe, kuma wane shiri ake yi?

Manyan asibitocin jihar, irin na Bajoga da Kaltungo, su ne matakin farko ga na nesa, kuma gyaran ƙaba yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a irin waɗannan asibitoci. Jaririya, ko wadda hoto ya nuna gidan ƙwai ko mahaifa a cikin ƙabarta, ko wadda ba ta fara al'ada ba, an fi so a tura ta cikin garin Gombe, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, inda za a iya haɗa likitan tiyata da likitan mata. Kuɗin aiki ya danganta da asibiti, da irin maganin barci, da ko za a sa raga. A nemi a rubuto jimillar tun da wuri, mai rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, ko ta tarayya kuma ya tambayi abin da rajistarsa ta ɗauke masa. Aikin gaggawa da ya kai ga yanke hanji ya fi na shiri tsada da kwanakin kwanciya.

Ana daina cin abinci sa'o'i 6 kafin aiki, nonon uwa sa'o'i 4, ruwa zalla sa'o'i 2, sai dai in asibitin ya ba da wani umarni. A faɗa wa likita duk maganin da take sha, har da na gargajiya da na tsarin iyali. Macen da ta kai shekara 18 ita ce ke sa hannu a takardar amincewa da kanta, bayan an yi mata bayani da harshen da take ji, kuma tana da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita duk lokacin da za a duba ta.

16. Yaya jinya take, kuma yaushe za ta koma aiki da sallah a tsaye?

Bayan aikin shiri, ana sallamar yawancin marasa lafiya a ranar ko washegari. Ta tashi ta ɗan taka tun ranar farko, ta sha ruwa sosai, ta ci kayan lambu da 'ya'yan itace don kada bayan gida ya yi tauri ta yi yunƙuri. A bar wurin a bushe kamar yadda aka umarta, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a shafa masa man kaɗanya, toka ko garin magani. Idan zaren na cirewa ne, ana cire shi bayan kwana 7 zuwa 10. Tana iya yin sallah a zaune har ruku'u da sujada su daina ja mata wurin. Ɗaliba takan koma makaranta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Daka, surfe, jan guga da ɗaukar jarka kuwa, likitoci da yawa sukan ce a ba su makonni 4 zuwa 6, kuma a nan ne ake buƙatar uwar miji ko 'yan'uwa su karɓi aikin gida da gaske. Kwanciyar aure sai rauni ya rufe kuma ciwo ya tafi, yawanci bayan makonni biyu ko fiye.

17. Wace matsala ke iya biyo baya, kuma ƙabar tana dawowa?

Ɗan kumburi da taurin wurin na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne, haka ma ciwon kai bayan allurar baya, wanda ke lafawa idan an kwanta. A koma asibiti idan raunin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ƙi fita, ko amai ya dawo, ko ciwon mara mai tsanani ya taso farat ɗaya, domin gidan ƙwan da aka mayar yana iya sake murɗewa. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na manya yakan ji wani ciwo ko dindiris a wurin da ya wuce watanni uku, kuma mata da masu ƙarancin shekaru sun fi fuskantar haka. Mafi yawansa mai sauƙi ne, akwai kuma magani ga mai tsanani.

Dawowar ƙaba ba ta da yawa idan an yi aikin da kyau. Idan kumburi ya sake fitowa a jikin babbar mace jim kaɗan bayan aiki, sau da yawa ƙabar ƙasan layi ce da ba a gani ba tun farko, don haka a koma da wuri. Ga yarinya kuwa, uwa ta riƙa duba ɗaya gefen a wurin wanka, domin jakar can ma tana iya kasancewa a buɗe, ta bayyana bayan watanni ko shekaru.